Shantu Mai Muryar Kogi

A ƙauyenmu, can gabas da Haɗeja ta wajen Kirikasamma, damina ce lokacin tatsuniya. In ruwa ya cika fadama kifi ya yawaita, sai a hura wutar banda a tsakar gida tun kafin magariba. Hayaƙinta yana busar da kifi, yana korar sauro, mu yara kuma yana tara mu wuri guda ko ba a kira mu ba. Har yau in na ji ƙamshin kifin banda a kasuwa, sai in ji kamar a shimfiɗa mini tabarma in zauna.

Mai tatsuniyar ita ce Iya Fanna, mahaifiyar babanmu. Daga bakin Tafkin Chadi aka kawo ta tun tana ƙarama, kuma har ta tsufa harshenta bai rabu da karin Barebari ba. Ni take ce wa Maigida, kullum tana ƙorafin ta auri rago, ko cefanen gishiri ba ya kawowa. Ni da yayata Hajara mu ne 'yan gaban tabarmarta. Sai dai duk ɗokinmu, Iya ba ta zama sai ta gama da dumanta.

Duma iri biyu take shukawa. Akwai na gora, wannan ƙaton da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, shi yana yaɗo a ƙasa ta bayan rumbu. Akwai kuma na shantu, siriri dogo, wanda take ɗora wa rumfa don 'ya'yan su rataya su miƙe. Furen duma fari ne, kuma ba ya buɗewa sai rana ta faɗi. Da an idar da sallar magariba sai ta tafi bayan rumbu ta tsinko namijin furen gora, ta zo ta goga shi a kan macen furen shantu, wadda ake ganewa da ɗan ƙullutu a gindinta, sannan ta ɗaure wurin da jan zare. Ɗaurin aure take kiran wannan aiki. Babanmu yakan yi dariya ya ce duk garin ba limamin da ya kai Iya yawan ɗaura aure, ga shi ko goro ba a ba ta.

Sai ta wanke hannu, ta zauna kusa da wuta, ta ce, "Ga ta nan tafe bisa ruwa."

Mu ce, "Ta sauko gaci mu ji ta."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da ba ta barin damina ta wuce ba ta yi mana ita ba. Wai a da can kogi yana magana. In yamma ta yi sai ya buɗe murya mai kauri, ya gaya wa masunta inda kifi ya kwana, ya yi wa jarirai reno har su yi barci. Da mutane suka yi yawa, hayaniya ta yi yawa, aka daina saurarensa, sai ya yi fushi ya ɓoye muryarsa a cikin ƙwayar duma ya yi shiru. To akwai wata yarinya da uwarta ta haye kogin a kwalekwale ba ta dawo ba. Yarinyar ta san kogi ne kaɗai ya ga inda ta nufa, don haka ta shiga neman muryarsa. Ta tambayi gora, gora ya ce muryar tana cikinsa amma ba shi da bakin da zai fitar da ita. Ta tambayi shantu, shantu ya ce bakinsa har biyu, amma ƙirjinsa ya yi ƙanƙanta da muryar kogi. Sai yarinyar ta zauna a bakin ruwa tana kallon furanninsu suna buɗewa, har dabara ta zo mata, ta ɗaura musu aure.

A nan Iya take tsayawa. Mu yi ta magiya mu ji ko yarinyar ta ga uwarta, ita kuwa ta juya kifi a kan banda ta ce ƙarshen yana rataye a rumfa, sai an girbe duma. Nakan kwanta a tabarma ina kallon fararen furannin nan ta cikin hayaƙi, suna motsi kaɗan-kaɗan, ga kukan kwaɗi daga fadama, har in rasa gane ko kogin ne ya fara magana ko barci ne ya fara ɗaukata.

In duma ya ƙosa ya bushe, sai ta zaɓi waɗanda ke da jan zare. Ta yanke bakin kowanne sama da ƙasa, ta jiƙa, ta rarake cikin, ta adana irin, ta shanya. Ranar gwaji takan saka zobbanta na azurfa, ta buga gindin shantun a cinya, ta rufe bakin da tafin hannu, ta karkatar da kai tana saurare. Mu dai daɗi muke ji a kowanne. Ita kuwa sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ya kusa." Shi ke nan, tatsuniya ta koma jiran wata daminar.

Abin da auren nan ya haifa ba a magana. Wani ya fito da ƙaton ciki da ɗan wuya, wani ya lanƙwashe kamar lauje, wani ba gora ba shantu. Waɗanda ta yar mu muke kwashewa. Muka gano in aka haɗa biyu da igiya aka sa a ƙarƙashin hammata, ko wanda bai iya ruwa ba, sai ya yi iyo. Da su muka riƙa tseren ninƙaya a kududdufin bayan gari, har yaran unguwar masunta suka fara zuwa roƙon 'ya'yan auren Iya. Ta ce ai gara haka, ko ba su yi waƙa ba sun hana jikokin mutane nitsewa.

Wata yamma ana yayyafi, mun matsa ƙarƙashin rumfa, Hajara ta tambaye ta wai wace irin murya take nema ne da duk waɗannan ba su yi mata ba. Iya ta daɗe tana tura itace cikin wuta kafin ta amsa. Ta ce mahaifiyarta tana da wani shantu mai kaurin murya, irin wanda ba ta sake jin kamarsa ba tun da aka baro bakin tafki. Da shi take lallashinta in za ta yi barci. Uwar ta rasu Iya tana 'yar mitsitsiya, shantun kuma ya salwanta a hanya.

Ta ce, "Fuskarta ta ɓace mini tuntuni, 'yan nan. Sautin nan kaɗai ya rage a kunnena. In na ji shi sau ɗaya a waje, na san za ta dawo mini."

Ranar na gane wace ce yarinyar cikin tatsuniya, kuma tausayinta ya kama ni har na kasa cin kifina.

Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Duk da haka ba ta yarda wani ya ɗaura mata auren ba, ta ce hannunmu ba shi da kunya. Takan bi igiyar rumfa da lalube, tana shafa ganye har yatsunta su faɗa kan fure. Haka ta yi ta yi damina bayan damina, tana cewa ya kusa, har Allah ya karɓi abarsa a wata bazara, irin da za ta shuka yana ƙulle a bakin zanenta. Ba ta ji muryar ba. Na daɗe ina jin ciwon wannan, ina ganin tsohuwa ta ƙare ƙarfinta a kan abin da bai zo ba.

Hajara ce ta ci gaba da shuka irin a gidan aurenta. Ni kuma rayuwa ta kai ni Dutse, inda na koyi sana'ar renon furanni, yau ina da ɗan lambuna a bakin titi. Wata shekara na karɓo irin a wurin Hajara na shuka a jikin shinge, don kawai in riƙa tuna gida. Wata yamma ina haɗa kayan ban ruwa, sai wata Hajiya ta tsayar da mota ta tako har bakin shingen. Ta tambaye ni daga wace ƙasa aka kawo wannan fure. Na yi dariya na ce duma ne fa, Hajiya. Ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, ta san furen duma, bai kai rabin wannan ba.

Da ta tafi na leƙa gonar maƙwabcina na tsinko furen dumansa, na ɗora a hannu kusa da namu. Nasa ɗan ƙarami, namu kuwa ya rufe tafin hannuna, bakinsa da tattara kamar an yi masa ado, ga ƙamshi. Mu da muka tashi da shi mun ɗauka haka furen duma yake. A nan tsaye na tuna hannun Iya yana lalube cikin ganye. Ƙananan furanni suna kuɓuce wa yatsunta, manyan su take samu, su take ɗaura wa aure, irinsu take ajiyewa. Tana can tana neman murya, ashe fure take ƙerawa, kuma ba ta taɓa ganinsa ba.

Yanzu mutane suna zuwa takanas su sayi dashensa, in sun tambayi suna in ce Iya Fanna. Bana Hajara ta zo, ta rarake wani dogo mai faɗin ƙirji daga cikin 'ya'yan duman, ta saka zobban Iya ta buga a cinya. Sautin ya fito da kauri, har na ji shi a cikina. Muka kalli juna, ba wanda ya iya cewa shi ne ko ba shi ba ne, don kunnen da ya san amsar yana ƙasa. Hajara ta share ido ta ce, "Ya kusa."

Da aka yi magariba na tafi jikin shinge da jan zarena, na rufe ido, na miƙa hannu cikin ganye.