Hadje Hindu da tsokar kifin Lagdo

Kafin rana ta yi zafi a Garoua, Hadje Hindu Shu'aibu ta riga ta isa labo, wani ƙaramin ɗakin gwajin dabbobi a gefen gari. Ƙanƙara take fara dubawa, domin tsokar da za ta gwada ba ta jure ɗumi. Takan yanko ɗan nama, na saniya ko na kifi, ta nika shi cikin asid mai sanyi, ta sa a injin da ke juyi da ƙarfi har dusar ta kwanta. Ruwan da ya taso take zubawa a wani dogon bututun gilashi, ta bi shi da ruwan gishiri, tana ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan. Sinadaran fosfat da ke cikin naman sai su sauko ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kwalbarsa. Aikinta ke nan tun tana budurwa, kuma a ƙarshen wannan wata za ta yi ritaya.

Mutanen Lagdo ba za su manta da ita ba. Wata shekara mai sayen ɗanyen kifinsu daga kudu ya ce ya fasa, wai kifin yana isa gare shi a lalace. Jeannette, shugabar matan da ke sarin kifi a bakin madatsar ruwan garin, ta ɗauko karfasa cikin ƙanƙara ta zo Garoua ranta a ɓace.

"Hadje, ki gwada ki ba mu shaida. A motarsa yake ruɓewa, ba a hannunmu ba."

Hadje Hindu ta yi mata bayani a sauƙaƙe. Tsokar kifi mai rai tana ɗauke da wani sinadari mai fosfat uku, shi ke ba ta ƙarfi. Da kifi ya mutu, fosfat ɗin sai su riƙa zubewa, zafi kuma yana hanzarta su. In an raba sinadaran aka ga wanne ya fi yawa, an san wahalar da kifin ya sha.

Sakamakon bai yi wa Jeannette daɗi ba. Kifin ya fara lalacewa tun bai shiga mota ba.

"To ki rubuta wani abu daban mana, Hadje. 'Ya'yanmu da wannan kasuwar suke ci."

"Madam Jeannette, in na rubuta ƙarya, kifin ba zai daina wari ba. Ki bari in zo in ga inda abin yake faruwa."

Jeannette ta fita ba sallama. Duk da haka, ranar Asabar Hadje Hindu ta hau motar haya zuwa Lagdo da akwatin ƙanƙararta. Ta shiga kwalekwale, ita da take tsoron ruwa, ta yanki tsoka daga kifin da aka fito da shi daga raga, ta sake yanka a bakin gaɓa, ta kuma yanka a wurin lodi. Da ta raba sinadaran sai ta ga ɓarnar a cikin kwalekwale take, inda kifi ke kwance a rana har masunta su gama zagaye. Matan suka haɗa kai suka fara ba masunta ƙanƙara tun daga fita. Gwaji na gaba ya fito da kyau, mai saye ya dawo. Jeannette da kanta ta ba ni wannan labari, ta ce har yau tana jin nauyin fitar da ta yi ba sallama.

Hadje, ke ce kika faɗi abin da kwalba ta nuna, kika kuma bi mutanen har bakin ruwa don kada ki bar su da mugun labari kaɗai. Mai hannu mai sanyi, mai magana ɗaya. Sunanki bai taɓa fitowa a rediyo ba, amma akwai gidaje a Lagdo da tukunyarsu ke kan wuta saboda ke.

Mun gode, Hadje Hindu. Allah Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu shigowa wannan aiki, in sakamako ya fito da ɗaci, ku faɗe shi yadda yake, sannan ku tsaya ku taya mai shi neman gyara.