Ɗinkin da ke ƙarƙashin kafet

Idan ka je Talata Mafara ka tambayi mai duba tsohuwar mota, ba za a yi maka dogon kwatance ba, za a ce ka nemi Ɗantala Mai-walda a gindin darbejiyar bayan tasha. Ya haura sittin, tartsatsin walda ya cinye masa rabin gani, amma ragowar ta ishe shi ya kunyata dillali. Shekara goma ke nan da ya ajiye ƙarfen walda. Yanzu zama yake yi a benci, mutane na zuwa daga Bakura, daga Dosara, daga Birnin Tudu, kowa da wayarsa a hannu, ana nuna masa hotunan motocin da aka sa a kasuwa.

Shi ba ya karanta abin da mai mota ya rubuta. "Hannu ɗaya, ba ta taɓa karo ba, saya ka hau." Ya ce duk motar da ke waya haka take, har wadda aka tsamo daga gulbi. Ƙafafu yake fara kallo. In ya ga tsohuwar Fijo da wilin aloi, irin mai ƙyallin nan da samari ke mutuwa a kai, sai ya taɓe baki. A wurinsa wilin ƙarfe shi ne wili: ya faɗa rami a hanyar Maradun ya lotse, ka sa guduma ya miƙe. Aloi kuwa tsagewa yake yi ya bar ka a daji. Kuma ya lura, ba a cika saya wa tsohuwar mota sabon takalmi ba sai ana son a ɗauke idon mai saye daga wani wuri. Saboda haka kullum maganarsa guda ce: a turo hoton safaya, don ita ce ba a tunawa a yi wa kwalliya.

Ƙa'idarsa biyu. Ba ya karɓar ladan dubawa, kuma ba ya cewa mota ba ta da kyau sai ya ɗora yatsa a kan aibin. Da wannan ya yi suna, kuma ban da sunan ba shi da komai.

Wata Litinin Malam Mas'ud ya zo, malamin makaranta ne a Kaya, mai 'ya'ya huɗu da babur ɗaya. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa waya. Fijo 504 ce doguwa, fara sol, da aloi huɗu.

"Baba, irin ta mahaihina ce sak," in ji shi. "Cikin irinta niƙ ƙare ƙuruciyata. So nikai ɗiyana su huta da babur."

Ɗantala ya ce a turo safaya. Hoton ya iso, Mas'ud ya buɗa masa shi da yatsu biyu. Wilin ƙarfe ne tsoho, da ɗigo uku kusa da bakin iska, shaidar da Ɗantala ke bugawa a duk wilin da ya miƙar. Wannan bai dame shi ba, ya miƙar da ɗaruruwa. Abin da ya kafa wa ido shi ne ƙugiyar da ke riƙe da safayar. Rodin gini ce aka lanƙwasa, kuma sau ɗaya tak ya taɓa yin irinta.

Shekara ashirin da takwas da suka wuce, wani mutum ya kawo masa motoci biyu da suka yi hatsari, ɗaya gabanta ya tsira, ɗaya bayanta. Ya ce wai an ce babu mai iya haɗa su. Ɗantala yana ji da ƙuruciya da iyawa, ya yanka, ya haɗa su mota guda, ya shafe ɗinkin da kwalta, ya lanƙwasa rodi ya riƙe mata safaya. Ranar da aka sayar da ita a matsayin lafiyayya yana tsaye, mai saye yana ƙwanƙwasa ta ko'ina bai gano ba, shi kuwa daɗi ne ya cika shi. Daɗin nan ya fi komai ci masa rai daga baya. Shi ya zaunar da shi a benci yana duba wa mutane mota kyauta, kuma ko matarsa Taiba bai taɓa faɗa wa ba.

"Ka bar ta," ya ce wa Mas'ud.

"Mi ag gare ta, Baba?"

Ɗantala ya mayar masa da wayarsa. Da wani ne sai ya ƙirƙiro mata ciwon inji. Mas'ud ya ce dillalin zai kawo ta gobe, tunda ranar kasuwa ce, sai a duba a gabansa.

Washegari Zaharadeen dillali ya iso da ita daga Bakura, jama'a suka taru. A faɗi gaskiya, shi ma bai san komai ba, kuma motar ta yi kyau. Inji na kiɗa, ƙofofi na rufuwa da yatsa ɗaya. Ya buga ƙirji ya ce, "Baba, ga ta nan. In ka samu aibi in maishe ta, in ba ka samu ba Malam shi ɗauka yau."

Ɗantala ya zagaya ta sau biyu. Aikin ya yi kyau, har yau ya yi kyau, kuma ya ji kunyar ganin haka. Yana iya cewa bai ga komai ba, ya koma bencinsa da sunansa cif. Sai ya hangi Mas'ud yana leƙa kujerar baya yana murmushi, daidai inda yara za su zauna, daidai kan ɗinkin.

Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗage kafet, ya kankare kwalta da sukundireba. Layi ya bayyana daga wannan ƙofa zuwa waccan, tsatsa ta cinye shi. Ya danna kaɗan, ƙarfen ya huje, aka hango ƙasa.

"Mota biyu ce anka haɗa," ya ce. "Rami guda mai kyau ya ishe ta ta rabe."

Zaharadeen ya dafe kai. "Hannu nawa ta bi ba wanda yag gani. Kai ƙaƙa kas sani, ko lalube ba ka yi ba?"

Ɗantala bai tashi daga durƙuson ba. "Ni niy yi ta," ya ce.

Kafin la'asar labarin ya kai Maradun. Wasu suka ce ai wannan shi ne dattako, wasu suka ce Allah kaɗai ya san nawa ya haɗa, kuma su suka fi yawa. Bencin ya rage cika. Taiba kuwa ta ƙara masa miya a tuwon ranar.

Mas'ud bai sake kawo masa hoto ba. Ran kasuwa yakan wuce ta bayan tasha a kan babur, yara biyu a gaba, biyu a baya, ya ɗaga hannu sama-sama ba tare da ya tsaya ba. Ɗantala ba ya jin haushi. Yakan dai ƙanƙance ido ya bi su da kallo, leɓensa na motsi, har sai ya tabbatar huɗun sun cika.