Wanda Ya Buga Ƙararrawa

Safiyar Litinin ɗin nan babu abin da ya bambanta ta da sauran. Mun sauko daga dutse, na hura wuta, na dama kunu, maigidana Bulus ya ɗauki lauje ya nufi gona. Dawa ta nuna, hankalin kowa yana kan girbi. Da yamma muka naɗe tabarmi muka sake hawa.

Ƙauyenmu yana gindin dutse ne, can gaba da Koza, dab da iyaka. Tun da masu bindiga suka fara tsallakowa, babu mai kwana a ɗakinsa. Rana na faɗuwa sai mu haye da yara da awaki, mu kwana a cikin koguna. Da asuba Bulus ne ke fara sauka, shi kaɗai, domin shi ne mai bishara. Sai ya zaga gari, ya leƙa lungu-lungu. In ya ga lafiya, ya buga ƙararrawar majami'a, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a tsamiya. Dattawa sun yanke cewa ba wanda zai sauka sai ya ji ta. Kowa ya san wannan, har samarin da suka bar gari suka bi mutanen daji.

Surukina, Baba Ishaya, idanunsa sun daɗe da tafiya. Yana da wata al'ada mai cin raina: ba ya ɗaga ƙafa da safe sai na karanta masa Littafi Mai Tsarki. Na Hausa muke da shi, don babu na yarenmu, kuma bayan Bulus ni kaɗai ce mai karatu a gidan. In an fara sura, ba a tsayawa a tsakiya. Ni kuwa gajen haƙuri gare ni, ba na ɓoyewa.

Ran Talata Bulus ya tashi gari bai gama wayewa ba. Ya taɓa kan 'yarmu Rifkatu tana barci, ya ce in ajiye masa kunu. Ya sauka.

An ɗan jima fiye da kullum. Har mata sun fara gunaguni, awaki suna kuka. Rana ta leƙo. Sai ƙararrawa ta tashi, tsaf, kamar yadda muka saba. Na ce a raina, to, Bulus lafiya lau. Mutane suka kwashi kaya suka bi hanya, yara a gaba suna tsere.

A lokacin ina tsakiyar wata doguwar Zabura. Na rufe Littafin. Baba ya laluba ya kama wuyan hannuna.

"Ƙarasa, Saratu."

"Haba Baba, kowa ya tafi. Na ƙarasa maka a gida."

"Gidan ba gudu zai yi ba. Ƙarasa."

Na buɗe da fushi, ina karatu ina jefa kalmomin kamar mai watsa wa kaji tsaba. Saura kaɗan in kai ƙarshe aka yi harbin farko. Ɗaya. Sai shiru. Sai kuma ko'ina ya ɗauka.

Na leƙa ta bakin kogo. Waɗanda suka riga suka isa fili suna faɗuwa. Na baya suna juyowa, suna yar da tabarmi da tukwane. Daga ƙasa ake ihu da Hausa: "Ku tsaya! Ku kwanta!" Rufin majami'a ya kama wuta, rumbuna suka bi.

Na goya Rifkatu. Na cusa Littafin a ƙugun zanena. Na ɗora hannun Baba a kafaɗata, muka bi bayan dutse, hanyar da awaki ke bi. Tsoho ne, ƙafa ba ƙarfi, ga shi sai na faɗa masa inda zai taka. Har hantsi ba mu yi wani nisa ba.

Rana ta take muka ji muryoyi a samanmu, da ƙarar takalmi kan tsakuwa. Na tura Baba cikin wata tsaga, na bi shi. Wurin bai fi kwanciyar mutum ɗaya ba. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi kuka, na toshe ta da nono. Jikina yana rawa har haƙorana suna haɗuwa. Baba ya ji. Ya kawo bakinsa kunnena, ya ce in ƙarasa abin da na fara.

Na ciro Littafin. Ɗan haske yana shigowa ta sama, ya ishe ni ganin layi. Na sa yatsa, ina motsa leɓe a kunnensa, babu murya. Na ƙarasa surar, na shiga ta gaba. Wani ya tsaya a kan dutsen da ke rufe da mu, ƙasa ta zubo a kan shafin. Na share da yatsa na ci gaba. Ba zan ce tsoro ya tafi ba, ƙarya ke nan. Amma rawar jikin ta tsaya, kuma ban yi ihun da ke maƙogwarona ba. Can sai takun ya yi nisa.

Da la'asar muka riski sauran mutanen gari a wani kwari. A nan na ga Talatu, maƙwabciyata. 'Ya'yanta maza biyu suna cikin masu tseren sauka. Tana zaune a ƙasa, babu ɗankwali. Na nufe ta in yi mata gaisuwa. Ta ɗago ido.

"Mijinki ne ya kira su."

Babu wanda ya ce mata ta yi shiru. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wa ke buga ƙararrawa in ba Bulus ba? An kama shi, an ɗora masa bindiga, ya buga don ya tsira. Haka kowa ya ɗauka. Na juya na koma wurin Baba.

Muka isa Mokolo washegari, ƙafafun Baba duk jini. Sojoji suka tara mu a filin wata makaranta. Ana raba ruwa, ana kiran sunaye, mutanen garinmu suna shimfiɗa nesa da mu. Wasu ma cewa suke Bulus yana raye, ya bi masu bindigar daji. Na ga zaman ba zai yiwu ba. Wani direban motar auduga ya ji tausayin tsoho, ya kawo mu Garwa, wurin Hannatu ƙanwar Bulus. Maigidan hayarta, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya buɗe mana ɗakin da yake ajiye kaya, bai tambaye mu komai ba.

A Garwa babu harbi, amma ban huta ba. In na ce Allah ya sa Bulus yana da rai, to shi ya buga ke nan. In na ce ba shi ya buga ba, to na san abin da hakan ke nufi. Na rasa wanne zan roƙa. Na durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa. Na gaya wa Baba ni fa addu'a ta gagare ni, har fushi nake da Ubangiji. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tun da nawa kalmomin sun ƙare, in ari na cikin Littafi.

Haka muka yi, safe da yamma, a bakin ƙofa. Na tarar mutanen cikin Littafin ma sun gudu, sun ɓuya a koguna, an yi musu ƙazafi, sun yi wa Allah kuka babu kunya. Ina karanta nasu, nawa yana fita. A wannan ɗan lokacin kaɗai nake jin ƙirjina ya sauka, in iya cin abinci.

Bayan an gama girbi Hannatu ta dawo daga asibiti da labari. An kawo wata tsohuwa daga wajenmu, ƙafarta ta ƙone ta ƙi warkewa. Kaka Maryamu ce, wadda ciwon gwiwa ya hana ta hawan dutse, take kwana a cikin rumbunta kusa da majami'a. Na ja hannun Baba muka tafi.

Tana ganina ta fashe da kuka. Ta ce tun kafin asuba masu bindigar suka shigo, suka laɓe. Ta ƙofar rumbu ta ga an kama Bulus a gindin tsamiya. Suka miƙa masa guduma. "Buga!" Ya mai da hannuwansa baya. "Buga!" Ya zauna a ƙasa. Ba su harbe shi ba, don kada a ji a dutse. Wuƙa suka sa. Wani yaron garinmu da ke cikinsu, wanda Bulus ya koya wa karatu, shi ya ɗauki gudumar.

Baba ya nemi bango ya jingina.

Na roƙi Kaka Maryamu ta maimaita a gaban wani dattijon garinmu da ya rako ta, domin ya kai wa Talatu. Ban sani ba ko ya kai.

Mutum goma sha ɗaya aka binne a garinmu, da Bulus goma sha biyu. Shi aka fara kashewa. Lokacin da na ji ƙararrawa na ce yana lafiya lau, ya riga ya rasu.