Tagwaye Biyu da Idon Taubashina

Ranar kasuwar Tamaske muke buga karta, bayan injin niƙa, ƙarƙashin wata rumfar kara da ba ta da mai ita. Mu biyar ne, wani lokaci shida. Dukanmu Aljeriya ta koro mu. Ba kuɗi muke zubawa ba, ba mu da su. Taba ce kara-kara, da ƙwayar sukarin shayi. Duk da haka in liman ya biyo ta wurin sai mu ja buhu mu rufe tabarma.

Wani Sinuwa ne, mutumin ƙasar Sin, ya koya mana wasan, mai tsaron magaza, ɗakin ajiyar kaya, a shantiyen ginin da muka yi dakon siminti. Ba ya jin namu, ba ma jin nasa, da hannu ya koya mana. Ya zare ƙananan karta, daga biyu har biyar, ya jefa kwali. Abin da ya rage daga shida ne zuwa goma, sai manyan: bale, dam, sarki, as. A ba kowa biyu ya ɓoye. A shimfiɗa uku a tabarma, a zuba. A ƙara ta huɗu, a zuba. A ƙara ta biyar, a zuba, sannan a buɗe. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi tsakanin na hannunsa da na tabarma, shi ya kwashe.

Mu muka raɗa wa abubuwan suna. Biyu iri ɗaya, tagwaye. Uku iri ɗaya, murhu. Biyar bi-da-bi, kamar bakwai, takwas, tara, goma, bale, wannan jeri ne. Jeri ya fi tagwaye biyu nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi mu duka taubashina ne, ɗan gwaggona. Ya girme ni kaɗan. Da muka dawo shi kaɗai ya tsira da abin sayen moto, babur ke nan, ya shiga kabu-kabu tsakanin Tamaske da Garhanga da ƙauyukan kan dutse. Ni na koma dakon albasa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ya ce mini bawansa, in ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba.

Shi ya hana ni son tagwaye biyu. Da farko in na same su sai ƙirjina ya cika, in tura duk tabar da ke gabana. Yakan kwashe ta yana dariya.

"Bawa, kai hannunka kaɗai kaka kallo. Dubi tabarma. An cire ƙanana, sauran sun matse awa awaki bayan kamyon ɗaukar kaya. Duk wadda ta hwaɗo tana da maƙwabciya."

Ga abin da na koya wurinsa. In ukun farko sun watse, kamar as da sarki da bakwai, kana riƙe da as da sarki, zuba da ƙarfi nan take. Kada ka bar kowa ya ga ta huɗu da arha, don ta huɗun ce ke kashe ka. In ukun sun jeru, kamar goma da tara da takwas, kana riƙe da goma da tara, abin da ke hannunka kyau ne kawai. Wani ya riga ya haɗa jeri, ko yana jiran karta ɗaya. Zuba kaɗan, in an ɗaga maka ka kwantar. In tagwayenka na ƙasa ne, ka fi kowa zama cikin haɗari, don tabarma na iya haifar nata tagwayen su shafe naka. Kuma in kala ɗaya, wato zane iri ɗaya, ta fito sau uku, ko tagwayenka sun zama murhu da tagwaye, a wasan nan kala ta fi su. Na sha ganin ya kwantar da tagwaye biyu fuskarsa ko motsi. Mahaucin da muke wasa da shi yakan ce mutumin nan ko uwarsa aka raba masa zai iya kwantarwa.

Akwai wata al'ada tamu. Mai rabo yakan faɗi ukun farko da baki yana ajiyewa. Ta huɗu da ta biyar kuwa jefawa kawai ake yi, don lokacin kowa ya sa ido, ana ta surutu.

Wata ranar kasuwa, da rani, mahauci ke rabo. Ya ce, "Sarki, dam, takwas." Taubashina ya zuba da ƙarfi. Na san ya samu, na kwantar. Mahauci ya bi. Ta huɗu ta faɗo goma. Taubashina ya sake zubawa, na ce a raina to, yau ya yi ƙarfin hali. Ta biyar ta faɗo bale. Sarki, dam, bale, goma a shimfiɗe. Duk mai as ko tara ya gama jeri. Ko jiya ka fara wasa ka san nan wurin tsayawa ne. Taubashina ya sa hannu biyu ya tura duk abin da ke gabansa.

Mahauci ya buɗe tara. Taubashina ya buɗe sarki da dam, ya miƙa hannu zai kwashe.

"Ina za ka, Alhajin moto?" in ji mahauci. "Jeri na gabanka kana neman ka ci mini taba?"

Aka fashe da dariya. Taubashina ya sunkuya har hancinsa ya kusa tabarma, ya bi kartar ɗaya-ɗaya da kansa, ba da ido ba, kansa duka yake juyawa. Sannan ya yi dariya shi ma.

"Sadaka ce nib ba ka. Kai da wuƙa ke ci da kai, bari yau ka sha taba."

Na yi dariya tare da su. Amma na ga yadda ya miƙa hannun nan. Wanda ya yi ruɗi ba ya miƙa hannu. Shi ya ɗauka ya ci.

Kasuwa ta gaba na karɓi rabo, na ajiye ukun farko ban ce komai ba.

"Bawa, an ɗinke maka baki? Hwaɗi mana."

"Ga su gabanka."

"Ubangidanka na tambaya kana gardama."

Wani ya faɗa masa. Ranar sau biyu ya bi tagwaye biyu har ƙarshe cikin jeri a fili. Da aka miƙo masa shayi ta gefen hagu, hannun mai miƙowa ya daɗe a sama. Na dubi motonsa da ke jingine. Madubin hagu ya karye, tankin ya loɓa wuri biyu. Da can ko ƙura ba ya bari ta kwana a kai.

Da aka tashi na ce ya kai ni Garhanga. Ba ni da abin yi can. Ya ce bawa ba ya hawa kyauta, na ce ya rubuta a goshina. Muka kama hanya.

Hanyar ya san ta kamar ɗakinsa. Kowane rami, kowane gangare, yana rage gudu tun kafin a iso. Har na fara cewa ƙila zargina ne. Sai a wani kwari amalanken jaki ya fito daga hagu, ɗauke da karan dawa, abu kamar ɗaki. Ni na gan shi tun daga nesa. Na yi shiru in ga. Bai rage ba. Bai karkata ba. Sai da na ga idon jakin sannan na daki kafaɗarsa na yi ihu. Ya taka birki, muka zube cikin yashi. Mai amalanke ya zage mu ya wuce.

Muka zauna gindin wani gawo. Gwiwata na jini. Ya dafa moton yana shafa shi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Mi?"

"Idon."

Ya ce tun damanar bara. Ya ce kamar mutum na leƙe ta bakin buta, abin da ke tsakiya yana gani, shi ma in inuwa ce sai hazo. Bakin butar kuma kullum ƙara tsukewa yake. Matarsa ba ta sani ba. Ba wanda ya sani.

"Ka aje moto," na ce.

"In ci mi? Kai za ka ciyar mini da gida da dakon albasa?"

"Za ka kashe wani."

"Hanyar na cikin kaina. Yau ma don kana mini surutu ne."

"Ban ce uffan ba."

Ya juyo da fuskarsa duka wajena. Ya ce in bar shi ya kai kaka. In hatsi ya shiga rumbu zai sayar da moton da kansa, ya ce wa mutane ya gaji. Ya ce in dubi uwarsa da ubana, ciki ɗaya suka fito. Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ban ji daɗi ba. Amma kaka da saura, ko shuka ba a yi ba.

Na ce, "Kaya ka ɗauka, buhu, kaji, abin da kaka so. In na ga mutum bayanka, zan hwaɗa."

Ya ce, "Ba ka iyawa."

Ni na tuƙa mu muka koma.

Ranar kasuwa ina sauke buhu kusa da tashar ƴan kabu-kabu, da hantsi, na gan shi. Wata mata ta hau bayansa, goye da jariri, da wata ƙaramar ɗiya an zaunar da ita kan tanki. Na ajiye buhun a ƙasa. Mai albasa na kirana, ban juya ba. Na je na riƙe kan moton.

"Baiwar Allah, sauka. Wanga ba ya gani."

Ta dube ni, ta dube shi. Ƴan tasha suka yi dariya, sun san tsakaninmu.

"Taubasai sun fara! Hajiya, zauna abinki, wasa ne."

Shi ma ya yi dariya. "Bawana ne, yunwa ka damunai. Sake mini kai in dawo in ba ka na hura."

Da na saki, da ya wuce a wasa. Ban saki ba. Na ɗaga hannuna ta gefen hagunsa, kusa da kunnensa, na buɗe yatsu. Na ce da ƙarfi, yadda duk tashar za ta ji, ya faɗi ko nawa ne ba tare da ya juya kai ba.

Dariyar ta mutu. Ya zauna yana kallon gaba. Injin na ta ƙara. Matar ta sauko a hankali, ta ɗauke ɗiyarta daga kan tanki, ta tafi wurin wani. Shugaban tasha, dattijo ne, ya zo ya murɗe makulli ya kashe moton, ya sa makullin a aljihun taubashina, ya dafa shi. Kafin azahar duk kasuwa ta ji.

Ƴan'uwa suka haɗa aka kai shi wurin likitan ido a Tawa. Ba a neme ni ba. Aka ce jijiyar ce ta bushe, abin da ya tafi ya tafi, sai maganin ɗigawa ya riƙe sauran in an samu saye. Aka sayar da moton da araha, don kowa ya san dole ce. Kuɗin ya tafi wajen magani da hatsi, ya ƙare kafin ruwa ya sauka sosai.

Na je gidansa sau ɗaya. Yana zaune ƙofar gida. Na yi sallama, ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, kamar yadda ake gaida baƙon da ya zo daga wani gari. Na tsaya ina jiran zagi. Bai zo ba. Gwaggona ta leƙo ta gan ni ta koma ciki. Na aika da tiyar hatsi aka maido. Da yunwa ta yi yunwa na sake aikawa, ba a maido ba, ba a kuma ce an gani ba.

Mutane sun rabu. Wasu sun ce na yi daidai. Wasu sun ce da na bi ta wurin dattawa a ɓoye. Dattawa sai sun yi shawara, matar kuwa ta riga ta hau. Mahauci ya ce mutumin ya yi wata da watanni yana tuƙi a haka bai kashe ko kaza ba, wa ya sani ko da ya kai kakar lafiya. Gaskiya ne. Ba wanda ya sani. Ni ma ban sani ba.

Damanar ba ta yi kyau ba. Matarsa ta shiga fasa dutse tana sayar da tsakuwa. Bayan kaka ya bi wasu makafi biyu na wajen Buza suka yi kudu, can bakin teku, inda ake zama ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ban ga tafiyarsa ba, ina Madawa wajen lodi. Yana aiko da ɗan abin da ya samu. Matarsa ta gaya wa matata yana kira a salula lokaci-lokaci, yana tambayar yara ɗaya-ɗaya, da gwaggo, da akuyar da ta rage.