Ɗan Dakon da Ya Ba Ɗalibaina Maki

Shekarun baya, tun ana zane da burushi da rula, wata makarantar koyon sana'a ta gaba da sakandare a garin Parakou na ƙasar Benin ta ɗauke ni gwajin shekara guda. Aikina shi ne koya wa 'yan ajin farko zanen tambari da allunan talla. In na yi kyau a tabbatar da ni, in ban yi ba in kama gabana, ga shi ban daɗe da yin aure ba.

Littafin da aka ba ni daga Faransa ya zo. Wata uku muna kwafar haruffa da tambarin kwalaben turare. Ɗalibaina suka ƙware a ƙawa, amma in ka ja baya taku biyar ba ka gane komai. Ni kuwa ina ta yaba musu, har da gyaɗa kai irin na masana.

Da na je suna gida Djougou, na tarar da baffana, falken goro tun kakanni, yana sa wa huhunansa shaida da shuni. Layi biyu da ɗigo, shi ke nan. Na ce, "Baffa, bari in ƙawata maka."

Ya ce, "Kai ɗan lakwal, da bokonka, bar mini abina. Ɗan dako bai yi karatu ba, kuma da gudu yake aiki. In bai gane nawa daga ƙofar tasha ba, gorona ya tafi motar wani."

Kunya ta kama ni. Ina komowa na kafa doka: kowane zane za a rataya shi a ƙarshen fili, wani dattijon ɗan dako da na gayyato daga tashar jirgin ƙasa ya tsaya bakin aji ya faɗi abin da ya gani. In ya gane ka ci, in bai gane ba ka sake. Cikin makonni kaɗan zanensu ya fara magana daga nesa.

Darakta ya kira ni yana huci. "Ɗan dako ne zai ba ɗalibaina maki? Ka daina, ko ka manta da takardar tabbatarwa."

Na ce, da girmamawa irin ta Faransanci, "Mushe Darakta, ɗan dakon za mu yi wa allo, shi zai duba."

Don ya kunyata ni gaban aji, ya kawo tambarin makaranta da shi da kansa ya zana, mai littafi da tocila da fukafukai, ya rataya. Dattijon ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ranka ya daɗe, kaza ce a kan murhu?"

Aji ya fashe da dariya. Ya kamata in danne tawa, ban danne ba.

Ƙarshen shekara aka sallame ni, ga matata da tsohon ciki. Mun sha wuya, 'yata ta fari a ɗakin aro aka haife ta, kuma da fentin allunan shaguna a unguwar Ganou na ciyar da ita. Dariyar nan wauta ce, na yarda. Amma dokar ko yau aka mayar da ni ajin sai na sake kafa ta, don ban ga amfanin zanen da sai mai digiri zai gane ba.

Takardar sallamar tana nan a akwatina, da tambarin a samanta. Duk jikan da na nuna wa, kaza yake gani.