Raƙumin da Ba Ya Huɗa Sai da Kiɗa

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da Babanmu ya sayo raƙumin huɗa a kasuwar Gummi ba.

Baba mutum ne da bai haɗa hanya da kiɗa ba. Ko cokali ka buga a kwano sai ya harare ka, rediyon gidanmu kuwa bai san komai ba sai labarai. A shekarar ruwa ya yi jinkiri, da ya sauka kuma ciyawa ta taso wa geronmu gadan-gadan. In ba mu yi huɗa ba kafin ƙasa ta bushe, to abincin shekara ya tafi.

Muka kai raƙumi gona, muka ɗaura masa garma. Gogan ya dube mu, ya gurfana, ya shiga tuƙa. Na ja akala, Baba ya daka tsawa, muka yi lallashi har da dusa. Ko gezau.

Na kira wanda ya sayar mana a waya. Ya yi dariya ya ce, "Af, na mance ban hwaɗa muku ba! Wanga raƙumi da rediyo ga wuya ya tashi. In babu kiɗi, ba shi tahiya."

Baba ya ce wannan iskanci ne. Ya aika aka ɗauko rediyonsa, ya kamo labaran duniya, ya kara a kunnen raƙumi. Raƙumin ya saurari farashin man fetur tsaf, sannan ya lumshe ido. Da rana ta fara zafi, Baba ya juya mini baya ya ce, "Sa mishi abin nan na wayarka. Ni ban ji ba."

Ina sakin kalangu, wallahi sai ga raƙumi ya miƙe yana rangaji, garma na tsaga ƙasa, ƙamshin danshi na tashi. Ba mu yi nisa ba cajin waya ya ƙare. A tsakiyar kunya ya sake gurfana. Na ga idon Baba ya yi ja yana kallon sauran gonar, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Ana haka Inna ta iso da fura. Ta ji bayani. Ta juye furar a kwano, ta kife ƙwaryar a ƙasa, ta zauna ta fara bugu da zobban hannunta. Ban taɓa jin kiɗan ƙwarya mai daɗin wannan ba. Ashe kafin aurenta ita ke kiɗa a bukukuwan ƙauyensu, mu 'ya'yanta ba wanda ya sani.

Raƙumi ya tashi. Inna ta rungumi ƙwarya ta bi bayansu tana bugawa, Baba na riƙe da garma fuska a murtuke, amma ƙafarsa a kan kiɗan take sauka. Da suka kai ƙarshen kunya Inna ta sassauta, tana jiran faɗa. Baba bai waiwayo ba ya ce, "Mi kika tsaya yi? Ƙara sauri, ƙasa na bushewa."

Geron nan mun ci shi har wata damina. A ranar huɗar nan na gane kiɗa ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga ƙafa, kuma kana iya zama gida ɗaya da mahaifiyarka tun haihuwarka ba ka san abin da ta haƙura da shi don a zauna lafiya ba.