Baba Taho-Taho Ba Ya Karɓar Makulli

Tun kafin a buɗe ƙofar asibitin wankin ƙoda yake isowa, ya rataye jakarsa a sandar fitila, ya shiga safa da marwa. Layin da ake ajiye motoci a matse yake, kowa kuma sauri yake kamar shi kaɗai ya kawo mara lafiya. Shekara ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa ganin Baba Taho-Taho a zaune. Sunan ma daga bakinsa aka ɗauko: taho, taho, karya kan, tsaya. Aikinsa ke nan, cusa mota tsakanin motoci biyu ba tare da ya taɓa sitiyari ba. Mai raina aikin ya je ya gwada ana danna masa hon ta baya.

Ma'aikatan jinya suna yawan ba da labarin wata malamar makaranta da ciwo ya kwantar da mijinta, dole ta koyi tuƙi da furfurarta. Gaba kam tana tafiya, ribas ne ya gagare ta. Sau uku a mako take kawo shi, in kuwa suka makara, injin wankin ya koma kan wani, sai jibi. Ranar farko sau huɗu ta zagaya layin, gumi har cikin ido, maigidan yana numfashi sama-sama a kujerar baya. Ta miƙa wa Baba makulli tana roƙo, ya ƙi karɓa.

"Ranar da ba na nan fa, Malama?"

Ya shiga tsakanin motarta da ta baya ya tsaya, ya ce ta taho, in ta bugi wani abu gwiwarsa ce. Haushinsa ta ji sosai, amma motar ta shiga.

Baba, kai ne ka maida gwiwoyinka ma'aunin masu tsoro, ga shi yanzu sun gaji. Ƙarshen wata za ka ajiye aiki, kuma wallahi mu masu kawo marasa lafiya hankalinmu bai kwanta ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda ya iya wani abu, ya koyar irin yadda ka koyar.

Litinin ɗin da ta wuce Malama ta iso a ƙurarren lokaci, gurbi ɗaya ya rage, ɗan tsukuku. Ta leƙa madubi tana nemansa. Yana gefe, hannuwa a baya, leɓɓansa na motsi, ya bar ta ita da sitiyarinta. Juyi biyu ta shige, ta tallafi mijinta suka wuce ciki a kan lokaci.

Ranar ce aka fara ganin Baba ya nemi benci ya zauna.